Ma'ajin Kan Sarki

Taki sittin da huɗu ne a matakala
daga bakin titi zuwa ɗakinmu,
saman gidan burodin Nibaldo Cárcamo,
inda ƙamshin gashi ke riga mu zuwa taro.
Makulli na hannuna, littafin kuɗi na hannuna,
shekara goma sha tara, ko sisi ban ci ba,
ladana ciwon gwiwa da tabon tawada a yatsa.

Muna tara kan sarki a ƙasar da ba sarki.
Da can mu tamanin ne da ɗoriya,
daren Alhamis kujera takan yi wuya:
matuƙan jirgin ruwa, malamai, wani likitan haƙori,
kowa da hantsakinsa a aljihu.
Yau mu goma sha ɗaya ne.
Biyu kunne ya yi nauyi, ɗaya ba ya iya hawa,
sai mu leƙa ta taga mu karanta masa rahoto,
yana ƙasa da hular ulu yana gyaɗa kai.

Valparaíso gari ne mai laima.
Iskar teku ce maƙiyiyarmu ta fari,
takan shigo ba sallama,
ta lashe ƙaron bayan takarda,
ta bar fumfuna a gemun mazan jiya.
Na biyu kuɗin haya.
Ta uku ba sai na faɗi sunanta ba,
ita ke rage mana kujera duk hunturu.

A watan Yuli ta ɗauke Don Eulogio Barría.
'Yarsa ta kawo akwati bakwai a tasi,
ta ce, "Ku ya bar wa. Ni ban san kansu ba."
Kafin mako ya zagayo, ga dillali daga Santiago,
takalmi na sheƙi, gilashi maƙale a ido,
ya ware guda tara, ya yi tayin
da zai biya mana hayar shekara uku.

Ɗaki ya yi tsit. Doña Herminia Tapia
ta doka sandarta a katako:
"Sashe na biyu. Ba don riba aka kafa mu ba."
Na ce, "Rufin ɗaki ba riba ba ne, Herminia."
Ta ce, "Mai sayar da tara yau, gobe tebur zai sayar."
Muka yi ta ja har shayi ya huce.
Ƙuri'a: shida da huɗu,
na sha ɗaya yana ƙasa, bai ji tambayar ba.
Uku muka sayar. Daren nan barci ya ƙaurace mini.

Washegari ina jera sauran ni kaɗai,
sai ga ambulan a gindin akwati na biyar,
kan sarki shuɗi, haƙora biyu sun karye,
hatimi ya cinye rabin tsuntsun da ke kai.
Dillali ko kallo bai ishe shi ba.
A baya, rubutun Eulogio da fensir:
"Ta ƙarshe daga wana. Kada a ɓamɓare."
Na ba shi lamba. A gurbin daraja
na daɗe da alƙalami a sama,
na bar wurin fari fat.

Motsi a bakin ƙofa.
Fresia ce, jikar Nibaldo, 'yar shekara tara,
garin alkama a goshi, burodi biyu a takarda.
"Mene ne wannan?"
Na ce, "Kuɗin motar magana."
"Ina maganar ta tafi?"
Ba ta taɓa aika wasiƙa ba,
balle ta san zaman jiran amsa.
Na miƙa mata hantsaki. Ta ɗauke numfashi,
ta ɗaga wani ɗan ja daga Noruwe
kamar mai cire ƙaya a ƙafar tsuntsu.

Kuɗin shiga feso dubu biyu ne, ba ta da su.
Na karɓi burodi ɗaya, na rubuta: an biya.
Herminia za ta gani a binciken ƙarshen wata,
za ta doka sanda. Ta daɗe ba ta doka ba.

Alhamis sai na yi sammakon hawa,
in ɗora tsofaffin kundaye biyu a kan kujera
don haɓar yarinyar ta kai tebur.